Ire-iren Ɗalibanmu a Birnin Alƙahira

Tun zamanin da sarakunan Kanem suka gina wa almajiransu makaranta a Masar, cikin ƙarni na 13, har zuwa yau da ake sauke baƙin ɗaliban Azhar a Madinatul Bu'us, ba a taɓa rasa mutanenmu a Alƙahira ba. Kuma ko da yake neman ilimi ne ya fito da su duka, kowannensu da abin da yake kira gida.

Na farko shi ne bawan ciki, wanda tun kafin ya sami biza ya riga ya daka kuka, ya ƙulla daddawa da busasshiyar kuɓewa, har ma'aikatan filin jirgi su buɗe jakarsa su mai da ita rufe da gaggawa. Ful da kushari, abincin Misirawa, a wurinsa hukuncinsu hukuncin taimama ne, ana yi don lalura. Ranar da ya gano kuwa cewa mulukiyyar Misirawa lalo ce, karkadensu kuma zoɓo, sai da ya yi sujudar shukura.

Na biyu mai kwatance ne. In an kai shi kasuwar Kan Halili, sai ya ce Kurmi ta fi ta albarka, in an tsai da shi gaban gine-ginen Fir'aunoni a Giza, sai ya ɗaga kai, ya yi shiru, ya ce, "Ba laifi, amma kun taɓa hawa Goron Dutse?"

Na uku Bamisiren dare ɗaya ne, wanda wata uku da saukarsa ya mai da jimun duniya gim, ba ka jin kome a bakinsa sai "izzayak" da "ma'alesh", har yana neman a fassara masa Hausa, amma da sanyin watan Tuba na Misirawa ya kwantar da shi da masassara, aka ji shi tsakar dare yana ta "Wayyo Inna!" da Sakkwatanci tsantsa.

Na huɗu gangar jikinsa ce kawai a darasin nahawu, ruhinsa yana cikin waya: ya san kuɗin buhun masara a Dawanau, bai san ranar imtihani ba.

Na biyar shi ne dattijon ɗalibai, wanda ya daɗe har ladabi ya hana a tambaye shi ajinsa. Shi ke tarbo sabon zuwa, ya yi masa jagora wajen neman iƙama, ya ranta masa abin sayen bargo, ranar Babbar Salla kuma ya bi ɗaki ɗaki a haɗa kuɗin rago. Ɗakinsa ya zama zaure, kuma waɗancan huɗun, duk da saɓanin mazhabarsu, nan suke haɗuwa bayan magariba, a ci tuwon shinkafa a faranti ɗaya.

Saboda haka, ya kai mai niyyar tafiya, ɗauki daddawarka, babu haramci. Amma da ka sauka, fara neman wanda in kwana biyu bai gan ka ba zai zo ya ƙwanƙwasa ƙofarka.