Ƙafata Ba Ta Gwamnati Ba Ce

Da aka tashi rabon gadon gidan Baba, Allah Ya jiƙansa, 'yan'uwa suka ce a ɗauko mai kimanta gidaje. Na ce wace irin asarar kuɗi ce wannan, ga ɗan boko a gida? Takardar fili ta ce hamsin da ɗari ne. Ƙafa ake nufi, ni kuwa Allah bai hana ni ƙafa ba, har guda biyu.

Da gari ya waye na tuɓe takalmi, na bi gindin katanga ina haɗa diddige da babban yatsa, ina tafiyar hawainiya, yara na biye da ni suna ƙirge. Faɗi ya tashi 56, tsawo 113. Na tara gida na yi shelar cewa marigayi ya bar mana rarar fili fiye da rubu'i, wadda takarda ba ta san da ita ba. Ƙanena har ya fara cinikin babur.

Kafin La'asar magana ta tsallaka katanga. Sai ga maƙwabcinmu da dattawa biyu, wai dama ya daɗe yana zargin an shiga masa, ƙafa shidan nan tasa ce.

Dole aka kira wanda na hana a kira. Yaro ne matashi, da tef da wata 'yar na'ura mai harba jan haske a bango. Ya ce, "Yallaɓai, da me ka auna?" Na nuna masa. Bai yi dariya ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya durƙusa ya ɗora tef a ƙafata gaban jama'a: santimita 27. Ƙafar awo kuwa inci 12 ce, santimita 30.48, tun 1959 aka tsayar da ita haka. Filinmu mita 15.24 ne da 30.48, murabba'in mita 464 da rabi, ko taku bai ƙaru ba. Dillalai ma da ke cewa 15 da 30 sun fi ni kusa da gaskiya.

Sannan ya ce fili daban, gini daban. Tsakar gida ba ta shiga lissafin gini, kuma bangon ƙasa mai kauri irin namu sai an faɗi ta ciki aka auna ko ta waje. Don in farfaɗo da martabata, na ce ai a Amurka tun 2022 kamfanin Fannie Mae ya wajabta ƙa'idar awo guda, ɗakin da rufinsa bai kai ƙafa bakwai ba ma ba a haɗa shi da sauran. Hajiya ta dubi ɗakin Kaka, wanda sai an sunkuya ake shiga, ta ce, "To su zo su gaya mata shekara arba'in ba a ɗaki ta kwana ba. Kai kuma sa takalminka."

Kuɗin mai kimantawa da goron ban haƙurin maƙwabci, duk daga kasona aka cire. Yaran layinmu kuwa har yau in na fito sai su jera a bayana suna ƙirge, suna cewa, "Injiniya, nawa ya tashi?"