Jinjina ga Maginan Fotal

Duk mai cewa jami'o'inmu ba su ci gaba ba, to bai ga irin tarbar da ake yi wa ɗan aji ɗaya ba ne. Da can sai yaro ya biya kuɗin mota daga garinsu ya zo ya bi layi a ƙofar ofis. Yanzu kuwa, albarkacin gwanayen da suka gina mana fotal, daga gida yake fara bin layin, da tsakar dare, da datarsa. In ya gama, sannan ya biya kuɗin motar ya zo ya bi na ƙofar ofis ɗin.

Ai kuwa sun yi ƙoƙari. JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, ta kawo tsarin bayar da gurbi na CAPS a 2017, ta wajabta lambar NIN a 2021. Jami'o'i suka ce su ma ba za a bar su a baya ba. Ga shafin kuɗin amsar gurbi, ga na kuɗin makaranta, ga na rajistar kwasa-kwasai, ga na ɗakin kwana, kuma don tsabar ladabi babu wanda yake shiga harkar ɗan'uwansa. Sunan da ka rubuta a wancan, sai ka sake rubuta shi a wannan. Yaron da ya maimaita sunan kakansa haka ba zai taɓa mance asalinsa ba.

Babbar baiwar fotal ita ce tarbiyya. Ɗalibi ya ciro lambar Remita, ya biya, banki ya zare kuɗin, fotal ya rantse bai ga ko kwabo ba. Ya je sashen kuɗi a ce ya tafi sashen kwamfuta, can kuma a ce masa saba ta faɗi, ya dawo gobe. Wane malami ne zai iya cusa wa yaro haƙuri da tawakkali cikin mako biyu kamar haka? Ko farfesa sai ya sara. Shi kuwa shafin ɗakin kwana ƙiyamul laili yake koyarwa: a kwana ana latsawa, gari ya waye gadaje sun ƙare.

Kada kuma a manta da samar da aikin yi. Shagunan kwamfuta na bakin ƙofar makaranta da tuni wasu sun rufe, ba don hangen nesan maginan nan ba, da suka tsara shafin da ba ya buɗuwa sosai a ƙaramar waya. Suka kuma tanadi cewa duk abin da aka cike a intanet sai an buga shi a takarda, an yi hotokofi, an zuba a fayil, an bi malamai suna sa hannu. Mai sayar da fayil ma Allah ne ya ba shi.

Akwai kuma shafin karatu daga nesa, wanda aka ce zai rage cunkoson darussan gama-gari na GST. Yana nan tsaf, babu wanda ya ɓata shi da darasi. Gara haka ma, tunda a 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Da an ɗora bidiyon lacca, da an jawo wa iyaye asara. Sauya ɗakin lacca, ranar gwaji, sunan littafi, duk wakilin aji ne ke sanarwa a zauren WhatsApp, kyauta, ba kwangila, ba bikin ƙaddamarwa. Abin kunya, ko kwamiti bai kafa ba.

Don haka ina roƙon hukumomi su karrama waɗannan bayin Allah da lambar yabo da tukuici mai tsoka. Sharaɗi ɗaya kawai: su nema ta fotal ɗin da suka gina, kafin ranar rufewa.