Jar Fitilar Da Ta Kwana Da Mu A Kwanar Ɗangora

Mercedes 230E ce ƙirar 1984, gadon Baffana, ta girmi matata da shekara biyu. Ba ta taɓa kunyata ni ba sai da wata 'yar jar fitila mai hoton batir ta fara kyafta mini ido a jikin dashbod. In na tsaya a danja ta kawo, in na taka mai ta ɗauke.

Maƙwabcina Malam Sabo, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma babu cutar motar da bai san maganinta ba, ya leƙo ya ce, "Baban Ummi, ai ga hoton nan ƙiri-ƙiri. Batir ne." Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo sabon batir da kuɗin da aka ware na buhun shinkafa. Na ɗaura, na tayar, fitila ta kawo fiye da da, har da wani sheƙi. Makaniki kuma ya ce fambel ne ya saki, ya ɗaure shi tamau, ya karɓi nasa. Kafin in kai bakin titi ta dawo.

Sai aka haɗa ni da wani yaron mai wayarin da ogansa ya tafi ɗaurin aure. Yaron bai ko buɗe bonet ba. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, ya yi 'yan ƙwaƙule-ƙwaƙule, ya fito yana karkaɗe hannu. "Yallaɓai, tayar." Na tayar. Babu ja, babu alamarta. Na biya shi har da na shan ruwa, na kama hanya ina yi wa yaran zamani addu'a.

Ranar Asabar aka ce in kai surukata Zariya biki. Duk Bahaushe ya san abin da wannan tafiya take nufi: ka tuƙa a hankali, ka yi magana kaɗan, kada ka haɗa ido da madubi. Zuwa lafiya lau. A dawowa ne, bayan magariba, na kunna fitilun gaba, sai na ga haskensu yana yin ja-ja. Rediyo ta yi shiru ana tsakiyar labarai. Na danna oda, ta yi wani kuka irin na akuyar da mura ta kama. Daf da Kwanar Ɗangora injin ya yi tari biyu ya mutu, dashbod kuwa baƙi ƙirin, ko ɗigon ja babu.

Hajiya, surukar tawa, ba ta ce mini komai ba. Sai ta juya ta tambayi 'yarta, wato matata, da muryar da har masu shayin tsallaken titi sun ji, "Ba wannan ce motar da kika ce an kashe mata kuɗin shinkafa ba?"

Samari suka taru aka tura. Ta tashi, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. Aka sake turawa, ni da babbar riga ina tura ƙofa da kafaɗa ina riƙe sitiyari, Hajiya na zaune a baya tana jan carbi, ba ta ko rage mana nauyin kwanon alkakin da ke cinyarta ba. Daga ƙarshe na saka su a motar haya, ni na kwana a kujerar baya da sauro.

Da safe aka kawo mini wani dattijo mai wayarin. Ya ɗora mita a kan batir bayan an jona mana wani batir an tayar: bai kai bolt 12 ba alhali injin na aiki. "Lafiyayyen batir a ajiye yana ba da wajen 12.6," in ji shi. "In mota ta tashi kuma ya kamata ka ga 13.5 zuwa 14.5. Naka ci kawai ake yi, ba a zuba masa." Wani ɗan kallo ya ce a cire kan batir a gani ko motar za ta mutu. Dattijon ya harare shi, ya ce da wannan gwajin ake ƙona altanetocin mutane.

Sai ya murɗa makulli bai tayar ba, ya zuba wa dashbod ido. "Ɗana, ina fitilar cajinka?"

"An gyara ta, Baba."

Ya zura hannu ta baya, ya laluba, ya fito da soket fanko. Ashe yaron nan ƙwan ya zare gaba ɗaya! Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yi mini karatu. A irin waɗannan tsofaffin motoci, 'yar wutar da ke tayar da altaneta ta cikin ƙwan nan take bi. In babu shi, altaneta sai ta yi ta juyawa a banza, sai fa in an taka mai sosai ta farka da kanta, ni kuwa da suruka a baya tafiyar hawainiya nake yi. Wato da can tana caji wani lokaci ta huta wani lokaci. Da aka "gyara" sai ta yi ritaya.

Asalin cutar kuwa? Ya kwance sukurori biyu a bayan altaneta, ya zaro regileta. Kabon biyun da ke jikinta sun cinye, da ƙyar suke taɓa abin da ya kamata su taɓa. Ya sa wata, ya mayar da ƙwai, mita ta nuna 14.1. Duka kuɗin bai kai rubu'in na batir ba.

Tsohon batirina, wanda babu abin da ya same shi, yanzu yana gidan Malam Sabo yana kunna masa fanka in an ɗauke wuta. Hajiya kuwa duk bikin da ya taso sai ta aiko a gaya mini kada in wahalar da kaina, ta riga ta yi magana da direban tasha.