Waƙar da Fetur Ya Tsere Wa

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Na jingine babur ɗina a zaure, na koma ɗan sayyada. Abokina kuwa, wani tela Bazazzagi da muka yi firamare tare, kekensa ya yi tsit, don mai neman na tuwo ba ya ɗinka babbar riga. Shi ya kawo shawarar.

"Kai Bakano, ba ka ga mawaƙa kaɗai ke ajiye tumbi a ƙasar nan ba? Kana da biro, ina da murya."

Muryar ai na san ta. In ya ɗaga ta, sai ka rantse ƙyauren kwano ake ja a kan siminti. Ya kafa mini hujja da Ɗan Maraya Jos, wai da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa talakawa waƙa har duniya ta san shi. Na ce Ɗan Maraya maƙogwaro gare shi. Ya ce hassada dai gadon Kanawa ce.

Muka tsayar da magana: waƙar tsadar rayuwa za mu yi, da farashin fetur a cikin amshi, don kowa ya ji ta taɓa aljihunsa. Bayan isha muke zama a shagonsa, fankon galan ne kalangunmu, tunda ba shi da wani aiki. "Ɗari biyar" ta ba mu amsa-amo mai albarka: sayar, bayar, ciyar, tsayar. Baiti bayan baiti na ɗora a kanta, har na fara tunanin kalar motar da zan saya.

Yuli na yin nisa, lita ta haura 600. Duk ginin ya rushe. Ina tsaye a gidan mai, jama'a na ta Allah ya isa, ni ina makokin baitocina, sai ga mutumin ya taho da gudu, baki har kunne.

"Shida! Bakano, shida da gida! Har ta fi zama a baki!"

Saura ƙiris 'yan adaidaita su yi masa rubdugu. Ni na janye shi, ina ba su haƙuri da cewa Bazazzagi ne, a yi masa uzuri.

Muka sake waƙar daga tushe. Uwargida ta ranta mini kuɗin adashinta, da sharaɗin a ambace ta a baitin ƙarshe. Muka taka har Zoo Road, matattarar 'yan fim da mawaƙan Kano, muka shiga wani sitidiyo. Babu wuta. Mai wurin ya ce janareto na nan lafiya, amma mai waƙa ke sayen mai. Abin da ya rage a aljihuna ko rabin galan bai cika ba.

Aka tayar da inji, aka sa mana abin ji a kunne. Ya rera amshi sau ɗaya, mai sitidiyon ya runtse ido kamar mai ciwon haƙori. Daga nan sai rigima: sunan wa zai fara fitowa? Ya ce mai murya. Na ce mai baiti. Ya tono bashin gyaɗar da na ci tun muna aji huɗu, na tono wandon sallar da ya ɗinka mini ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Muna cikin haka janareto ya yi tari, ya mutu.

Abin da na'ura ta naɗa ke nan: amshi ɗaya da zage-zage. Mai sitidiyon, Allah ya saka masa, ya sa wa faɗan kiɗa ya turo mana ta WhatsApp. Uwargida ba ta ji sunanta ba, don haka duk baƙuwar da ta shigo sai ta kunna mata, wai da dariya za ta fanshe adashinta.

Ni da telan muka daina gaisawa. Sai a Oktoban 2024, da lita ta haura naira 1,000, wayata ta yi ƙara da asuba.

"Bakano, ka tashi? Dubu! Dubu da babu! Ɗauko biro."

Na ce ba ni da kuɗin motar zuwa.

Ya ce, "Yawwa, rubuta wannan, baitin farko ke nan."