Biko da Hawainiya a Ka

Ina so Haɗeja ta ji daga bakina, tun daga Matsaro har Yankoli, kafin masu shayi su gama zuba wa labarin gishiri: tausayi ne ya sa na sayi hawainiyar nan. Ƙarshen damina ne, kogi ya cika ya batse. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san yadda abin yake. In ruwan sama ya haɗu da wanda ya gangaro daga Tiga da Challawa, ya tarar kachala ta toshe masa hanya, sai ya bi gonakin shinkafa, duk mai rai kuma ya nemi tudu ko reshe. A kan wata bagaruwa yara suka tsinko ta, suka ɗaura mata zare a ƙugu, za su kai wa 'yan shimfiɗa masu busar da irinta don masu neman layar zana. Na ba su na alewa na karɓe ta. A lissafina, garin da ake loda busassun kwaɗi buhu-buhu a mota a yi Kudu da su, ba wanda zai ɗaga ido don mutum ya ajiye hawainiya guda.

Koriya shar na shigo da ita gida. Kafin la'asar ta koma baƙa ƙirin. Na sa ta a kwando, ta kumbura jiki, ta wangame baki tana huci. Na kamo mata fara, ta juya wa farar ido ɗaya, ɗayan kuma yana kaina. Na ajiye mata ruwa a tasa, ko kallo. Yaran unguwa kuwa layi suka yi, kowa da ƙyallen da zai shimfiɗa mata ya ga rikiɗa: mai atamfar uwarsa, mai rigar ƙwallo, har da wanda ya zo da buhun taki. Duk wanda aka kawo, baƙin nan dai shi ne amsarta. Mai shayin bakin layinmu ya ce kaɗaici ne, a sa mata madubi. Tana ganin madubin ta yi wata irin kumbura, ta kai masa cizo, ta rikito daga kan karan da take.

Ɗan yayata mai karatu a kwalejin Binyaminu Usman ya leƙo ya ga taron, ya dafe kai.

"Kawu, kashe ta za ku yi. Ba zane take kwaikwaya ba. Launinta halin da take ciki ne, da zafi ko sanyin jikinta. In ta firgita ta yi duhu, in tana son shan hantsi ta yi duhu, in ta yi barci ta koɗe. Tun 2015 masana a Jami'ar Geneva suka nuna cewa wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli ne jere a fatarta, tazarar da ke tsakaninsu ke sauyawa. Ba ta saba shan ruwan tasa ba, raɓa take lasa a ganye. Ba ta son 'yar'uwarta ma, balle madubi, abokiyar faɗa take gani a ciki. Irinsu ya kai ɗari biyu a duniya, kusan rabi a Madagaska, kuma kusan duk halinsu ɗaya. A ba ta reshe mai tsayi, a yayyafa wa ganye ruwa, kowa ya tafi harkarsa."

Mai shayi ya ce wannan ai ba magani ba ne, tunda ba abin da aka jiƙa, ba abin da aka turara. Jama'a suka goyi bayansa.

Uwargida kuwa da asuba ta kai hannu igiyar shanya cikin duhu, ta damƙi abin da ya damƙe ta. Da dare ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, ko ni ko ita." Lomar tuwo ce a bakina, kuma tun ina yaro aka hana ni magana da abinci a baki. Ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin amsa. Gari na wayewa ta yi gidansu.

Abin haushi, tana fita hawainiyar ma ta ɓace. Na duba kwando, na duba darbejiyar tsakar gida reshe-reshe, na duba ƙarƙashin gado. Babu. Na yi hamdala, na sauko da babbar rigata daga ƙusa, farar shadda mai aska takwas wadda ba na sawa sai da Sallah, na kafa zanna bukar, na ɗauki yayana a babur muka tafi biko.

Zauren cike yake. Baba surukina a kan buzu da carbi. Limamin unguwa a damansa. Maƙwabta biyu. Ƙwaryar fura a tsakiya, ƙudaje na zagaya ta. Sai Baffa, ƙanen Baba, mutumin da ba a taɓa kawo zancen da ya ce bai sani ba. Bayan asabari kuma ina jin numfashin mata.

Na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba."

"Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Yaya ya fara ba da haƙuri, Liman ya ɗora da nasiha a kan zaman aure. Can Baba ya yi gyaran murya.

"Malam, abin nan da ake faɗa, yana gidan?"

"Wallahi Baba ta bar gidan."

Ban rufe baki ba na ji farce a ƙeyata.

Ina so malamai su shaida: rantsuwar nan ba ta kama ni ba. Ta bar gidan. A babur ma.

Wanda bai taɓa durƙusawa gaban suruki ba ba zai gane ba. A wannan zama ba ka da hannu. Ba ka sosa ƙeya, ba ka ɗaga kai, ba ka waiwaye. Ko kunama ce ta harbe ka, "na gode, Baba" za ka ce. Ita kuma ƙafarta ba irin ta ƙadangare ba ce. Yatsunta a haɗe suke, biyu gefe guda, uku gefe guda, in ta kama ta kama. Ta fito daga naɗin rigar da na aza a kafaɗa, ta kama wuyan 'yar ciki. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi gaba, ta yi baya, irin tafiyar wanda aka aika gidan mai binsa bashi, sannan ta sauke ta a kan kunnena.

Har yanzu in na kwanta wannan ƙafar nake ji. Da ta yi tsalle, da an yi ihu an gama. Da ta faɗo, da na taka rigata na rufe ta. Ina! Sai da ta ba kowa lokacin ganinta. Maƙwabcin da ke hagu ya fara gani, ludayi ya tsaya masa tsakanin ƙwarya da baki. Yaya ya gani, bai fasa cewa "a yi haƙuri, yaro ne" ba, amma da kowane "haƙuri" sai ya ja gindi ya matsa taku guda, har ya dangana da bango. Liman yana tsakiyar cewa "mace ita ce rufin asirin..." sai muryar ta ɗauke. Baba ne ƙarshen gani, don shi ma kunya ta hana shi kallona. Da ya ji zauren ya yi tsit ya ɗago. A daidai lokacin ta naɗe jelarta a kunnena na dama, ta ja jiki ta hau hula, ta tsaya a tsakiyar kai, baƙa wuluk a kan farar shadda, ta buɗe wa surukina baki ta yi masa huci.

Mu ne fa jikokin waɗanda suka tsaya wa Turawa a 1906, har Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen daga bai juya baya ba. Amma maƙwabtan nan biyu tare suka isa ƙofa, suka cushe a ciki.

Baffa kaɗai ya matso.

"Kada kowa ya motsa! Kai, ɗana, kada ka haɗa ido da ita."

"Baffa, a kaina take."

"To ita kada ta haɗa ido da kai."

"Wane idon, Baffa? Kowanne harkarsa yake."

"Kar ka yi min gardama, na yi su a Baturiya shekara da shekaru. In ta cije ka ba ta saki sai jaki ya yi kuka. Kai, yaro! Ruga bakin kasuwar kifi ka samo jaki. Namiji, mai murya."

Yaro ya ruga.

"Baffa, ai ba ta cije ni ba."

"Shi ya sa ake tanadi. Ku kawo jan zane. In ta ga ja za ta yi ta ƙoƙarin rikiɗa har ta fashe."

Daga bayan asabari muryar surukata ta ce ba za a fasa mata wannan abu a zaure ba.

"To a kawo garin taba a busa mata."

Liman ya ce a gidan nan ba mai shan taba. Baffa ya kai hannu aljihu, ya tuna da Liman, ya fito da hannun wayam.

"To ka daina numfashi."

"Har yaushe, Baffa?"

"Har jaki ya zo."

Nan fa zaure ya daskare. Ba mai tari, ba mai jan carbi. Ranar yamma ta shigo ta ƙofa ta sauka a kan hulata. Tun da yaran nan suka tsinko ta, ranar ce karon farko da hawainiyar ta sami wuri mai tsayi, da rana mai daɗi, da mutanen da suka bar ta ta sarara. Na ji ta sassauta riƙon kunnena. Yaya ya raɗa daga jikin bango, "Tana yin kore."

"Kun gani?" in ji Baffa. "Aikina ne. Akwai abin da nake karantawa a zuci."

Ya rarrafo don ya duba aikinsa da kyau, har ina jin ƙanshin goronsa. A gemunsa akwai ɗigon fura, a kan ɗigon akwai ƙuda. Ɗan yayata ya taɓa gaya min cewa harshen hawainiya ya fi jikinta tsawo, kuma kafin ƙiftawar ido ya je ya dawo. Ni ban gani ba, kaina na ƙasa. Na dai ji "ɗas," na ji ƙwaryar fura ta kife, na ga tafin ƙafar Baffa guda biyu a sama. A bisa kaina kuma ana tauna, a natse. Dabbar da ta ƙi farar da na bi ciyawa na kamo mata, ga ta tana buɗa-baki da ƙudan gemun ƙanen surukina.

"Ta ɗebi wani abu a jikina!" in ji Baffa daga kwance. "Ku ƙirga min gashin gemu! Ina jakin?"

Uwargida ce ta ɗaga asabari ta fito, mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Ba ta kalle ni ba. Ta miƙa muciya saitin hulata, hawainiya ta yi gaba, ta yi baya, ta hau. Ta wuce da ita bayan gida ta ɗora a kan zogalen Inna surukata, dab da fegin rama.

Baba ya daɗe yana kallon furar da ke bin tabarma. Sannan ya ce, "Malam, shekarata saba'in ina jin ana faɗa, ban taɓa zaton zan faɗe ta da gaske ba. Hawainiyarka ta kiyayi ramata. Ɗauki matarka ku tafi."

Muna sa takalmi sai ga yaro da jaki, mai jakin na biye yana haki. Aka ce an gama. Baffa ya ce ba a gama ba, tunda an taɓa shi, sai jakin ya yi kuka. Aka ja kunnensa, aka daki gindinsa, Baffa da kansa ya tsaya gabansa ya yi masa kukan don ya tuna masa. Jaki ya dube shi, ya sunkuya ya fara lasar fura.

Ni na biya kuɗin jakin.