Goro dai kada ka saya wurin kowa

Har yanzu kunnuwana zafi suke yi. Jiya ne, a ofishinmu na Bonapriso, gaban wani Alhaji dillalin goro da ya taso daga New Bell don ganin manhajar lissafin da muka gina masa.

Wasiƙa na rubuta wa wata yarinya, na ajiye cikin jakar aiki a kwamfuta. Kuma na yi dabara: na sa sunan wasiƙar, wasika.txt, a .gitignore, takardar da ke gaya wa Git, mai ajiye mana tarihin canje-canjen aiki, abin da zai kau da kai daga gare shi. Ashe abokin aikina ya bi can ƙasa ya ƙara !*.txt don bayanansa su shiga. A wurin Git kuwa, in dokoki biyu suka yi karo a takarda ɗaya, ta ƙarshe ke ci. Da jaka guda na ware na toshe ta ɗungurungum, da alamar ! ɗin nan ba ta isa ta zaro komai daga ciki ba.

Aka kunna majigi. Abokina ya buɗe canje-canjen mako, ya danna na farko. Sai ga ta a bango, koren rubutu ɓaro-ɓaro: "Hasken idona, tun ranar da na gan ki a Marché Central..." Alhaji ya gyara tabarau. Ya shiga karantawa a bayyane, dalla-dalla, kamar mai karanta wasiyya. Da ya kai inda na ce abinci ya daina shiga, ya juyo ya dubi tumbina. Ya koma bango, ya maimaita layin. Ya sake duban tumbin.

Na fizgo kwamfutar, na mayar da dokata ƙarƙashin ta abokina. Wasiƙa ko gezau. Abin da Git ya riga ya karɓa, .gitignore ba ta da iko da shi, sai an yi git rm --cached, a hakan ma tarihi na riƙe da kwafi. Tun 2005 da Linus Torvalds ya ƙera Git saboda aikin Linux, bai sa masa mantuwa ba.

"Ɗana," in ji Alhaji, "kashe ta ta huce. Zafi ne ke sa ta tonon asiri. Ni wayata in ta fara haka, cikin buhun shinkafa nake tura ta."

"To, Alhaji."

"Kuma tsakiyar nan ta yi tsawo, ka rage. 'Yar gidan wa ce? Goro dai kada ka saya wurin kowa."