Wasiƙa Zuwa ga Dandalin Gangara

Ya Dandali,

Gaisuwa mai yawa, da jaje, da fatan Allah ya maido maka da jama'arka.  Na rubuto ne a kan wata magana da a kanka ake yin ta kullum, amma ban taɓa jin an kawo ta gabanka ba. Maganar tukunya ce.

Kowa da kiɗa ya san ka. In an ambaci sunanka, abin da ke zuwa a ran mutum shi ne kalangu, da gaɗar 'yan mata a farin wata, da damben kaka, da kokawar samari bayan an ɗaure dammunan gero. Ƙasar da Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗan kotso ba a koya mata sauraro. Sai dai ba a kallo da yunwa. Duk daren da ka cika ka batse akwai jerin fitilu a gefenka, ƙarƙashin kowace fitila akwai kasko ko tukunya ko tire, bayan kowace tukunya kuma akwai wata mata a cikin gida wadda ta zuba ɗan jarinta tun rana tana tsaka, alhali babu wanda ya yi mata alkawarin za a yi wasa.

Mai masa ta fi kowa nisan kasada. Tun jiya ta jiƙa shinkafa, aka kai niƙa, ƙullu ya kwana yana tashi. Mahauci ya yanka tun hantsi, ya soke nama a tsinke, ya barbaɗe shi da ƙuli, yana jiran rana ta yi sanyi ya hura wuta. Ba shi da firji, da ma yana da shi babu wutar da za ta riƙe masa. Mai awara ta dafa, ta tace, ta danne. Mai ƙosai ce ke da ɗan sarari har azahar, lokacin da take surfa wake ta wanke, yarinya ta tsaya da roba a bakin ƙofa.

"Inna, in kai niƙa?"

"Dakata, ɗiyata. Leƙa gabas ki gaya min mi kig gani."

Da an markaɗa, shi ke nan, babu komawa. Ƙullun ƙosai ba ya kwana, a zafin ƙasarmu ko 'yan sa'o'i ya yi sai ya soma tsami. Mai tuwo kaɗai ke da mafita, don abin da ya rage yakan zama ɗumame da safe. Amma ɗumame cikin yaran gida yake shiga, ba ya biyan bashin dawar da aka auno a kasuwa.

Abin da yarinyar ke leƙawa kuwa, da azahar ba ya nuna kansa. Ko yaro ya san hadarinmu daga gabas yake zuwa, masana yanayi kuma sun bayyana dalili. Iskar damina mai ɗauke da laima tana shigowa daga teku ta kudu maso yamma, tana bin ƙasa ƙasa. Rana ta gasa ƙasa tun hantsi, zafin ya ɗaga laimar sama ta dunƙule ta zama girgije. Can sama kuma akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas, ita ke koro gizagizan zuwa yamma a jere, da gudun da yakan kai kilomita 50 a awa guda. Shi ya sa azahar takan yi tas, la'asar ta zo da gumi, iska ta ɗauke ɗif, sai wajen magariba ko bayan isha gabas ta yi baƙi ƙirin a fara jin cida. Jar ƙura ke fara isowa kafin ruwa. Ta kashe fitila, ta cika man suya da yashi, ta lulluɓe tsire, makaɗi ya tura kalangunsa cikin riga don kada fata ta jiƙe, kafin ka ce kwabo ba kowa a kanka sai masu kwashe kaya. Wani daren ma bayan duk wannan hadarin yakan watse, ko ɗigo bai sauka ba, jama'a kuwa sun riga sun shige ɗaki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne matar nan ba ta da bakin kuka. Mijinta manomi ne, geronsu na gona yana jiran ruwan. Tana kallon ƙullunta yana kumfa a roba tana cewa Alhamdu lillahi, kuma har zuciyarta take faɗa.

Magabata sun san wannan, shi ya sa suka ajiye manyan wasanninka a kaka, lokacin da sama ta huta kuma kowa yana da hatsi a rumbu. Ko kokawar ƙasa ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya, cikin rani ake yin ta. Amma Salla wata take bi, tana matsowa da kwana 11 kowace shekara. Daga 2010 zuwa 2016 Ƙaramar Salla cikin damina ta yi ta faɗowa, daga Satumba har ta gangaro Yuli. Tana fita Babbar Salla ta karɓe ta: 1 ga Satumba a 2017, 11 ga Agusta a 2019, tsakiyar marka ke nan, 20 ga Yuli a 2021, 16 ga Yuni a 2024. Shekara 15 a jere, daren da masu abinci suka fi sa rai a kansa yana ƙarƙashin hadari. Yanzu kuma Babbar Salla ta nufi ƙarshen bazara, lokacin da hadarin farko ya fi yawan iska a kan ruwa, irin wanda ke yaye rufin ɗaki. Ga kuma bukukuwan aure, da ranakun kasuwa, waɗanda ba sa jiran kaka.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wani katafaren wurin wasanni, Walt Disney World, wanda aka buɗe a 1971. Can ma daga Yuni zuwa Satumba hadari mai tsawa yakan taso da yamma, can ma babban kallo da dare ake yin sa, wasan wuta a sararin sama. Iyali sukan kama teburin cin abinci tun saura kwana 60, suna auna lokacin da za su ci su tashi su sami wurin tsayuwa kafin a fara. Wanda ya kama tebur yakan bar lambar katinsa na banki, in bai zo ba kuma bai soke da wuri ba, a cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Ban kawo wannan don kwaɗayin dukiyarsu ba. Abin da na ɗauka a ciki guda ne: mai dafa abinci ya san adadin bakin da zai ciyar kafin ya ɗora tukunya, kuma in alkawari ya karye, wanda ya karya shi yana ɗaukar wani abu na asarar. A wurinka kuwa, Dandali, in wasa ya watse makaɗi ya riga ya karɓi kafin alƙalami, saurayi ya koma gida da kuɗinsa a aljihu, asarar duka ta tattaru a kan wadda ta fi kowa ƙaramin jari.

Kama abinci tun da wuri ba baƙon abu ba ne gare mu. Gwauro da baƙon kasuwa da ɗan ƙwadago sun daɗe suna aika kwano gidan mai tuwo tun la'asar, da kuɗin a ciki, ta zuba ta rufe ta ajiye, ko an yi ruwa ko ba a yi ba kwanon yana jiran mai shi. Mahauci ma ya saba jin "a ajiye min tsinke goma." Abin da nake roƙo shi ne wannan al'ada ta fito daga zaure ta zo kanka. Ranar da za a yi wasa, samarin da suka san za su sayi ƙosai su kai wa 'yan mata, da masu gidan da za su sauki baƙi daga Gatawa ko Isa ko Sabon Birni, su aika da nasu tun azahar, ko rabin kuɗin ne. Mudu biyun farko su zama an riga an saye su. In sama ta yi kyau, Inna ta ƙara na uku a kan ra'ayinta. In hadari ya taso, ta soya abin da aka biya a rarraba gida gida, kowa ya ci nasa a ɗaki yana jin ruwa.

Sannan a ba su magana tsayayya. Sarkin samari, ko mai gayyar wasan, ko uban biki, duk wanda ya kira makaɗa, shi ne ya san ko suna tafe ko sun fasa. Sau nawa makaɗa kan aiko cewa hanya ba ta biyuwa, maza su ji a majalisa su yi shiru, labarin bai shiga cikin gida ba sai bayan an markaɗa wake? Sanƙira guda zai wadatar. Ya zaga kafin azahar ya ce ana yi ko an ɗaga, kuma ƙarfe nawa.

Game da sama kuwa muna da abin da ba mu cika amfani da shi ba. Maraɗi da Tsibiri suna gabas da mu, in an miƙe ba su kai kilomita 100 daga Sabon Birni ba. Tsibiri gida ce, can Gobirawa suka kafa sabuwar fada bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808 kuma aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, zumunci bai yanke ba har yau. Tun 2019 ma dubban mutanenmu suna zaman gudun hijira a ƙauyukan Gidan Rumji. Hadarin da ya rufe Maraɗi da Tsibiri da la'asar sakaliya, sau da yawa kafin awa biyu yana kanmu. Kira guda ga ɗan'uwa a can ya isa mahauci ya rage abin da zai jera a wuta, mai kasko kuma ta soya da wuri ta aika talla cikin gari. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa, manomi yana ƙaruwa da shi wajen sanin lokacin shuka. Mai ƙosai tata tambayar gajeriya ce: yau da magariba fa? Da gidan Rediyon Rima zai riƙa faɗin hasashen yammacin gabashin Sakkwato a labaran rana, da Hausar da Inna ke ji, da an tsirar da mudu masu yawa. In kuma an kewaye fage da zana ana karɓar kuɗin ƙofa, a cire wani kaso a kafa wa masu abinci rumfa mai rufin kwano da kariya ta gefen gabas, inda wuta ba za ta mutu ba kuma itace ba zai jiƙe ba.

Na san za ka ce ina maganar ƙosai alhali kai kanka rabonka da cika an daɗe. Gaskiyarka. Hausawa sun ce hadarin ƙasa maganin mai kabido, shi ne kuwa ya same mu. Ranar 27 ga Mayun 2020, kwana uku bayan Ƙaramar Salla, 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a yankinmu, sai mai layin Nijar ke jin ɗuriyar 'yan'uwa. A Nuwamban shekarar jaridu suka ruwaito cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu shugaba a nan Gangara. A Disamba aka ƙona matafiya aƙalla 23 cikin mota a Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Garin da ya ga wannan, da rana ta faɗi kowa ƙofarsa yake nema, kuma babu wanda zai ga laifinsa.

Amma saboda wannan ɗin ne maganar tukunya ta ƙara nauyi. Da yawa daga cikin masu kasko yanzu mata ne da aka kashe mazajensu, ko waɗanda gonar gidansu ta gagari zuwa. A da kuɗin ƙosai na sabulu ne da kayan ɗakin 'ya. Yau shi ne abincin gidan. Mace irin wannan in ta yi asarar mudu uku a dare guda, gobe ba ta da abin sake jiƙawa.

Don haka roƙona mafi girma shi ne ka dawo da rana. Duk lokacin da gari ya sami sararin yin wasa, a fara da an sallame la'asar, a tashi kafin kiran magariba. A ci abinci tun da farko, kafin hankali ya tafi ga fage, kada a bar sayayya sai an tashi, lokacin da ƙafa ke sauri. Wasan la'asar yakan riga yawancin hadari, baƙo yana komawa ƙauyensu da sauran haske, mai kasko tana ƙirga cinikinta ba da fitila ba. Akwai malamai da iyaye da ba sa son jin sunanka saboda abin da duhu kan ɓoye, ina kuma tare da su a kan yarinya 'yar shekara goma da ke yawo da tire a ka bayan isha. Wasan da aka tashi kafin magariba ya raba wannan gardama. Farin wata za a yi kewarsa, ni ma ina cikin masu kewar, sai dai ba zan sa mata da yara su biya kuɗinsa da tsoro ba.

Ka isar mini da wannan ga sarkin samari da makaɗa da sarkin fawa, in sun taru a kanka. Ka ce su zauna da matan da ke dafawa, ko ta bakin tsofaffinsu, kafin Salla mai zuwa, a tsayar da lokaci, a tsayar da wanda zai yi shela, a kuma tsayar da wanda zai riƙa kiran Tsibiri da la'asar.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan Gobir